Kuɗi Uku a Hanyar Ɗauko Yaya Talatu

Tun da na dawo daga Gana ban huta da tambaya ba. In na fito daga masallaci a tare ni, in na zauna wajen mai shayi a Kwanar Dangora a tare ni, har wanda na ba labarin jiya sai ya zo yau da abokinsa ya ce in sake daga farko. Ni kuwa har yanzu bayana bai saki ba, magana mai tsawo ma gajiyar da ni take yi. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, duk wanda ya tambaya in miƙa masa.

Ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ba. Yayata Talatu, wadda nake bi, an kai ta aure Tamale ina ɗan firamare. Mijinta mutumin Bebeji ne mai safarar goro, ya je can ya zauna. Da farko takan zo ganin gida, daga baya zuwan ya ja baya, har ya koma sai gaisuwa ta waya. Mijin ya rasu ma ta waya muka yi ta'aziyya. To bana bayan girbi sai mahaifiyarmu, Inna, ta kwanta. Ba wani ciwo ne da za a nuna ba, jiki ne ya gaji. Wata safiya na shiga gaishe ta, ta ce, "Sale, ka je ka taho mini da Talatu."

Na ce, "Inna, bari a kira ta, ta shigo mota."

Ta ce, "Idonta ya yi rauni, ba za ta iya hanya ita kaɗai ba. Wayar nan kuma na gaji da ita. Ka je."

Ni da ƙanena Garba muka fitar da masara muka sayar. Kuɗin ya zo bandir-bandir, har sai da uwargida ta ɗinka mini aljihu a cikin 'yar shara, duk da haka ya yi tudu a ƙirjina kamar na ɓoye burodi. Na ɗauka na yi guzurin da zai kai ni ya dawo da ni, har da na tsaraba.

Daga Kano na shiga motar Birnin Kebbi. Wannan hanyar ba sai na faɗa muku ba. Akwai wuraren da in an shiga hira takan mutu a mota, kowa ya koma jan carbi, direba ya ƙi tsayawa ko da wani fitsari zai kashe shi. Allah ya fitar da mu lafiya. A motar Kamba, garin da ke bakin iyaka, na zauna kusa da wani siririn mutum mai rawani, Malam Issufu, ɗan Nijar mai fataucin albasa. Motar kayansa ta yi gaba zuwa Togo, shi yana bin ta a baya. Da ya ji inda na nufa sai ya dube ni, ya dubi tudun ƙirjina, ya ce, "Ka taɓa fita?" Na ce ko Maraɗi ban taɓa zuwa ba. Ya ce, "To ka bi ni, amma ka daina dafa wurin nan da hannu, kowa ya san abin da ke ciki."

A Kamba na fara karaya. 'Yan canji suna zaune a rumfa, kowa da jaka a cinya da waya a hannu. Wanda Malam Issufu ya kai ni wurinsa ya karɓi kuɗina ya ƙirga, ya ware masu yagewa ya turo mini, ya duba wayarsa, sannan ya zaro wasu 'yan takardu na sefa ya miƙo. Na karɓa na ci gaba da tsayuwa.

Ya ce, "Malam, lafiya?"

Na ce, "Saura nake jira."

Ya ce, "Ai shi ke nan. Da ka zo da safe ma da ka fi haka samu, naira ta sauka da rana."

Abin da ya cika mini ƙirji ya koma abin da zan ninke in sa a aljihun gaba. Masarar da muka yi damina guda muna wahala a kanta ke nan. Na duba na ga babu wanda abin ya ba mamaki sai ni.

Muka hau babura zuwa Gaya. Gaya ta Nijar nake nufi, ba tamu ta Kano ba, don akwai wanda na ba labarin ya ce ashe ban yi nisa ba. Can na ga wata mata tana sayar da dambu da zogale, yunwa kuma ta ci ni. Na ce ta zuba mini. Da na gama na tambayi kuɗi, ta ce, "Dala arba'in." Na ajiye kwanon a hankali. Ni dalar da na sani ita ce ta Amurka, wadda in ta motsa taki ya tashi a Kiru. Na fara lissafin ko buhun masara nawa na cinye a tsaye. Malam Issufu ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Ashe su sefa biyar suke kira dala, dubu kuma jika. Kuɗin dambun bai kai ya kawo ba. Matar ta ce, "Ɗan Najeriya ne ko? Haka suke yi." Daga ranar duk abin da zan saya sai na yi lissafi hawa biyu a kaina, daga dala zuwa sefa, daga sefa zuwa naira, kafin in gama mai kaya ya juya wajen wani.

Tsakanin Gaya da Malanbil ta ƙasar Benin kogin Kwara ne, kuma akwai gada lafiyayya. Amma a rufe muka same ta, saboda gwamnatocin biyu ba sa ga maciji. Kowa sai ya gangara bakin ruwa ya shiga kwalekwale, mutane da buhuna da babura har da akuya. Ni mutumin tudu ne, ruwan da na sani bai wuce na fadama ba. Na riƙe gefen jirgin da hannu biyu. Don in kawar da tsoro na ce wa Malam Issufu, "Ku dai kun huta. Daga nan har Togo ba za ka je wurin ɗan canji ba."

Ya ce, "Wannan gaskiya ne. Abin da na ajiye bara, bana ma shi ne, bai narke ba kamar naku. Amma dubi can." Ya nuna gadar da haɓa. "Wancan tsallaken da wannan kuɗinmu ɗaya, ga mu a cikin ruwa. Kuɗi ɗaya bai buɗe gada ba. Kuma kuɗin nan da kake yabo, in ka tambayi yaran garinmu za su ce maka ba namu ba ne, daga waje ake riƙe da igiyarsa. Su so suke a buga namu na kanmu."

Na ce, "Mu da muke da namu na kanmu ga yadda muka koma."

Ya ce, "To ka gani. Ku kuna hangen namu, mu muna hangen naku. Ni dai abin da na sani, ranar da naira ta faɗi albasata ba ta shiga Najeriya, ta yi muku tsada. Sai dai mutanenmu su je su kwaso hatsinku da araha."

Wannan na san shi, don na sha ganinsu a kasuwanninmu suna saye ba sa ko taya. Ranar mukan yi murna masara ta yi kuɗi, sai an zo sayen taki murnar ta koma ciki.

A Benin abin da ya fi damuna rashin canji. Ka ba mai shago takarda babba, sai ya dube ka kamar ka zage shi. Wani ya cike mini da alewa, wani da ashana, har aljihuna ya zama kamar tiren talla. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa yana yanka dasashi. Motar da muka shiga zuwa Jugu ƙarama ce, amma an ɗora mata kayan da ya fi ta tsawo, mu huɗu a gaba har da direba. A hanya ta tsaya shan mai, sai na ga a kwalabe ake sayarwa a bakin titi. Direban ya ce mini da Hausarsa mai karkata, "Man ƙasarku ne." Na ce to a gaishe shi, mu can layi muke bi.

A Jugu muka sauka a zango, unguwar Hausawa, a zauren wani dattijo da ke karɓar baƙi. Kakansa daga Kano ya zo, shi kuwa bai taɓa ganin Kano ba, amma ya tambaye ni ko har yanzu ana rini a Ƙofar Mata. Aka kawo mana sakwara da miyar gyaɗa da wani cukun Fulani da ake soyawa, suna ce masa wagashi. Abincin ya yi daɗi, sauro ne bai bar ni na more shi ba.

Shiga Togo, gaskiyar Malam Issufu, ba mu nemi ɗan canji ba. Kuɗin da na sayi ruwa da shi a Benin shi na sayi ayaba da shi a Togo, abin har ya ba ni sha'awa. Sai dai shingayen hanya ba su san da wannan zumunci ba. Kowane shinge a sauka, a nuna takarda, a nuna katin rigakafi, a shiga ɗan ɗaki a fito aljihu ya ragu. A wani wurin mai kakin ya juya katina sama da ƙasa ya ce hatimin bai fito sosai ba. Da Malam Issufu ya yi masa magana da Faransanci aka sa abu a cikin katin, sai hatimin ya fito.

A Kara muka rabu, don nan motar albasarsa take. Ya rubuta mini sunayen garuruwan da zan bi, ya karɓi lambata, ya ce in na shiga matsala in kira. Na so in ba shi wani abu, ya ce in riƙe, hanya tana gaba.

A iyakar Gana aka sake canji, daga sefa zuwa sidi. Nan ma ɗan canjin ya yanki nasa. Na lura kowane canji kamar auna hatsi ne daga kwano zuwa kwano a cikin iska, ba a taɓa samun yadda aka zuba. Na bi ta Yendi na isa Tamale ƙafafuna sun kumbura, takalmi ya ƙi fita.

Ɗan Yaya Talatu, Muntari, shi ya zo tasha ya ɗauke ni a kekensa mai ƙafa uku da yake haya da shi. Magidanci ne da 'ya'yansa, tun yana goye ban sake ganinsa ba sai a hoto. Ya ce, "Kawu, sannu da zuwa. Mma ya jira ka tun safe, bai ci abinci ba." Na ce wa? Ya ce Mma, uwarsa. Haka Hausarsu take, mace ma "ya" ce. Masu tambayata wannan, ga amsarku.

Na same ta zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki. Na san ta matashiya mai tsayi, na tarar da tsohuwa, yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma sai dishi-dishi. Na durƙusa na gaishe ta. Ta kama hannuna ta riƙe, ta ce, "Sake magana." Na sake gaishe ta. Ta ce, "Muryar Baba ce sak." Sai ta saki hannun ta juya fuska, ta ce a kawo mini ruwa.

Na ɗan kwana biyu a can, don Muntari bai so tafiyar ba. Ya same ni a waje ya ce, "Kawu, in ya je ba zai dawo ba. Ni ma uwana ne." Gaskiya ya faɗa. Ita ce ta raba gardamar. Ta ce, "Muntari, kai ka gan ni jiya, ka gan ni yau. Ni rabona da tawa uwar tun kana goye. In Allah ya sa da kwana a gaba zan dawo." Washegari ya je ya karɓo kuɗin adashinsa ya ba ta.

Abincinsu akwai shinkafa da wake da ake dafawa da karan dawa ta yi ja, da tuwo mai laushi wanda ba ya zama a ciki kamar namu. Kuɗinsu kuwa su ma kuka suke da shi, Muntari ya ce abin da yake sha na mai a da da wanda yake sha yanzu ba a haɗawa. Wani abin da ya ruɗa ni, Yaya ta ce ta sayar da man kaɗen da take ajiye da shi miliyan kaza. Na zaro ido. Muntari ya ce in kwantar da hankalina, an taɓa yanke wa kuɗinsu sifirai, amma tsofaffi har yau da tsohon lissafi suke ƙirga. Miliyan ɗin Yaya ba zai sayi tunkiya ba.

Dawowa ita ce wahalar. Yaya ta ce ba za ta shiga gidanmu hannu rabbana ba bayan shekarun nan. Ta haɗa huhun goro, da atamfofi, da garin rogo, da wata tukunyar ƙarfe da ta ce ta Inna ce. Kowace mota sai an biya wa kayan nan kujera, kowane shinge sai an kwance su. Kuɗin Muntari da ragowar nawa muka mayar sefa, ɗan canji ya sake yankar nasa. Kafin mu kai Malanbil zazzaɓi ya rufe ta, tana rawar sanyi a cikin rana. Na kai ta wani ƙaramin asibiti aka sa mata ruwa, aka rubuta magani. Da na biya, abin da ya rage ko kuɗin kwalekwale da kaya bai kai ba.

Na kira Garba. Ya ce akwai kuɗi, ya sayar da wake, yanzu zai turo. Na ce ya turo ina? Asusuna na naira ne, a nan kuwa ko mai ruwan leda ba zai karɓa ba. Kamba tana tsallaken ruwa, tafiyar da ba ta kai daga Dangora zuwa Kano ba, amma kuɗina ba shi da hanyar zuwa inda nake. Sannan Garba ya rage murya ya ce, "Yaya, ku yi sauri. Tun jiya Inna ba ta cika magana ba."

Malam Issufu na kira. Ya haɗa ni da wani Alhaji mai shagon shinkafa a kasuwar garin, wanda yake da asusu a Najeriya saboda harkarsa. Garba zai tura masa naira can, shi ya ba ni sefa nan. Garba ya tura, kuɗi ya fita daga wurinsa, bai shiga wurin Alhaji ba. Aka ce matsalar sabis ce. Alhaji mutumin kirki ne, ya ba mu benci da abinci, ya sa aka shimfiɗa wa Yaya tabarma a cikin gida wurin iyalinsa, amma ya ce ba zai ba da kuɗi ba sai ya ga saƙo, don an sha yi masa haka. Ban ga laifinsa ba. Na wuni a kan bencin nan ina kallon wayarsa kamar mai jiran haihuwa.

Da yamma Yaya ta ɗan ji sauƙi ta fito ta zauna kusa da ni. Ta ce, "Sale, lokacin da aka kawo ni ta hanyar nan, mai gidanmu naira ya riƙo. Duk inda ya fito da ita rububinta ake yi. Har roƙonsa suke ya biya da ita." Na ce yanzu ba haka ba ne. Ta ce, "Na gani," ko da yake ba ganin take yi ba.

A kan bencin nan ne na tuna maganar da muke ji a rediyo shekara da shekaru, wai za a yi wa ƙasashen yankin nan kuɗi guda. Malam Bala na makarantar firamare, tun da na dawo yake matsa mini in faɗi ra'ayina, tunda na gani da idona. To Malam Bala, ranar da nake kan bencin nan da an ce mini ga kuɗi guda, da na sa hannu biyu na karɓa. Amma na kuma ga masu kuɗi guda suna tsallaka ruwa a kwalekwale ga gada a tsaye, na ji 'ya'yansu suna neman rabuwa da shi. Ni manomi ne, ban san wanne ya fi ba. Abin da na sani, da mai naira da mai sefa da mai sidi, duk wanda na zauna da shi a mota lissafi yake yi yana tsaki.

Sai washegari da hantsi saƙon ya shigo. Kafin nan naira ta sake sauka, abin da Alhaji ya ba ni bai kai yadda muka yi magana jiya ba. Ya nuna mini a waya don kada in zarge shi. Na ce ba komai. A bakin ruwa Yaya ta ƙi shiga jirgi, ta ce tana jin motsinsa. Sai da wasu majiya ƙarfi biyu suka ɗauke ta cak suka zaunar a kan huhun goronta, ta riƙe rigata har muka tsallaka.

Sauran hanyar ban riƙe komai a cikinta ba, sai ciwon baya da kiran Garba. Duk sanda wayar ta yi ƙara sai in duba fuskar Yaya, in ɗauka. Shi kuma ba abin da yake cewa sai, "Kuna ina yanzu?"

Bayan la'asar muka shiga Dangora. Na fara duban ƙofar gida tun daga nesa, na ga babu tabarmi a waje, babu taron maza. Na riƙe hannun Yaya na kai ta har ɗakin Inna, mata suka matsa.

Inna tana kwance ta fuskanci bango. Ta ce, "Wane ne?"

"Ni ce, Inna. Talatu."

Har na ɗauka barci ya ɗauke Inna. Sannan ta ce, "Kin daɗe."

"Hanya ce, Inna."

"Matso nan."

Na fito na bar su. Ina zaune a tsakar gida ana ƙoƙarin cire mini takalmi, sai uwargida ta zo ta ce Inna ta ce kunu take so, kuma Talatu ce za ta dama. Mata suka ce a bari su yi, baƙuwa ce, ga gajiya, ga ido. Yaya ta ce a nuna mata murhu kawai. Ta dama shi da lalube, irin na can, ta zuba citta da barkono. Aka tayar da Inna zaune aka jingina ta da filo. Ta sha ludayi ɗaya, ta sha na biyu, ta tsaya.

Ta ce, "Yaji ya yi yawa. Ba haka na koya miki ba."

Yaya ta ce, "To kawo in sake."

Inna ta riƙe ƙwaryar da hannu biyu ta ce, "Bar shi."